Abin da aji da zaman marubuta suka koya min game da waƙa

Gaskiya duk mai koyar da rubutacciyar waƙa a makaranta yana cikin wani hali da ba kowa ke ganewa ba, domin silabus abin da yake nema shi ne yaro ya faɗi jigo, ya warware shi, ya kawo salo, ya ƙirga baitoci ya ce ƙwar biyu ce ko ƙwar biyar, wato layi biyu ko biyar a kowane baiti, shikenan ya ci jarabawa. To yaran kuwa suna haddacewa tsaf. Amma ka ce wa ɗaya daga cikinsu ya miƙe ya rera baiti guda, sai ka ga ya hau karantawa kamar mai karanta sanarwar ɓatan kaya. Ni nan ne na gane cewa da kunne ake fara koyon waƙa, allo daga baya yake zuwa.

Shi ya sa yanzu ba na fara maganar kari, wato ma'aunin waƙa, da sunayen Larabci. E, na sani daga arulin da Khalil bin Ahmad na Basra ya tsara aka ɗauko ma'aunan, guda 16 ne a lissafin da aka saba, su Mutaƙarab da Kamil da Ramal da sauransu, kuma dole dai a zo wurin. Sai dai in ka fara da fa'ulun fa'ulun ɗin nan tun pirio na farko rabin aji ya tafi barci. Abin da nake yi, sai in ce kowa ya ɗora hannu kan benci mu faɗi "mutane" muna bugawa, gaɓa marar nauyi ɗaya, masu nauyi biyu, mu maimaita har ya zauna musu, sannan in ce to abin da kuka buga ɗin nan ƙafar Mutaƙarab ce. Wata yarinya da ko magana ba ta yi a aji ita ce ta fara ɗaga hannu ta ce Malam ɗango na uku ɗin can, wato layi na uku, yana ɗingishi, kuma wallahi ɗingishin yake, gaɓa ɗaya ta yi masa yawa.

Wannan dabarar kuma a zaman ƙungiyarmu ta marubuta na tsince ta. Muna haɗuwa ƙarshen wata, kowa da takardarsa ko wayarsa, kuma ƙa'idar ita ce ba a miƙa wa mutane waƙa su duba da ido, sai mai ita ya tashi ya rera. Akwai wani dattijo a cikinmu da bai taɓa zama ajin adabi ba, idonsa a rufe yake sauraro yana kaɗa yatsa kan gwiwa, da zarar yatsan nan ya tsaya kowa ya san an samu karaya. Ba ya cewa waƙarka ba kyau. Cewa yake "ɗana, sake min baitin nan", kai da kanka in ka sake sai ka ji inda ka cusa kalma don dole saboda amsa-amo ya fito. Mu 'yan boko kuwa in muka tashi sharhi sai mu yi minti goma muna zuba kalmomin nazari, yaron ya koma gida ransa a ɓace bai ma san me zai gyara ba, wata mai zuwa kuma ba za ka gan shi ba.

Ba sabon abu ba ne ma. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ai waƙa ta mayar kayan koyarwa, jajis, wato matan da ta naɗa jagorori, suna haddacewa su kai wa mata ɗalibanta da ake kira 'yan taru a ƙauyuka, da baki take tafiya. Haka ƙungiyar Hikima ta su Mudi Sipikin a Kano, mambobinta a rediyo suke rera waƙoƙinsu jama'a na ji. ANA, ƙungiyar marubutan Nijeriya, da aka kafa a 1981 rassanta na jihohi ma zaman karatu ne ƙashin bayansu.

Sai dai fa ƙungiya tana da nata ciwon, kar wani ya ɗauka aljanna ce. Rigimar muƙami, wa zai zama shugaba wa zai riƙe kuɗi, sai a cinye zama guda ba a karanta ko ɗango ɗaya ba. Ga kuma yabon juna na ƙarya, musamman tunda aka koma guruf na WhatsApp da Facebook, ka saka waƙa cikin minti biyu an jero maka "fasihi", "alƙalaminka ya fi takobi", alhali ba wanda ya kai baiti na uku. Ni dai na fi son yatsan dattijon nan.

Lokacin rubuta tawa waƙar shi ne matsala, makin ɗin sikirif da lesin not sun cinye dare, yawanci sai hutun zango nake samun zama. Wannan zangon dai na roƙi firinsifal ya ba mu aji ɗaya ranar Alhamis bayan an tashi, yara su riƙa rera nasu, kuma dattijon ya yarda zai zo in an samu mai ɗauko shi a mashin.