Fim mai awa uku da kuɗin fetur: labarin gidan kallona

Shekara tara kenan ina riƙe da gidan kallo a unguwarmu nan Kano, ɗaki ne dogo mai benci goma sha huɗu, majigi ɗaya, fanka huɗu da sipika biyu manya da na saya na hannu. Asabar da Lahadi na ƙwallo ne wannan ba a taɓa shi, sauran ranaku kuma fim nake sakawa, kuma mutane suna ɗauka kawai rimot muke dannawa mu karɓi kuɗi, wallahi ba haka bane.

Lissafin sana'ar nan duk akan lokaci yake. Ba na buɗewa sai an idar da Isha'i, sha ɗaya kuma na rufe saboda maƙwabta, kaga awa uku kenan gareni a dare. To finafinan almara na yanzu, masu dodanni da wasu duniyoyi, sun koyi tsawo. Avatar na biyu da ya fito 2022 awa uku ne da minti goma sha biyu, shi kaɗai ya cinye daren har ya ci bashi. John Wick na huɗu na 2023, fim ɗin faɗa fa, shima saura kaɗan ya cika awa uku. A manyan sinimomi da suke farawa tun rana suna da ɗakuna da yawa wannan ba komai bane, ni kuwa sho ɗaya zan yi kuɗin shiga ɗaya zan karɓa alhali inji yana ta shan mai tun farko har ƙarshe, kuma tunda aka cire tallafi a watan Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da ɗari biyu ta haura ɗari biyar lokaci guda, bata tsaya nan ba ma. Ba wai bana son su bane, hoton yana da kyau sosai, amma in babu fassarar Hausa kafin a kai rabi samari sun rikice da sunayen masarautu, sai kaji ana oga wai wanene bos ɗin ne.

Finafinan faɗa su basa buƙatar yare. Duka duka ne, mota in ta wuntsila kowa ya gane. Mahaifina yakan bani labarin yadda suke cika sinimomin Plaza da Orion da El-Dorado kallon 'yan Chana da Indiya basa jin ko kalma ɗaya, har yau abin bai canza ba.

Amma abinda yake riƙe dani gaskiya finafinan ban tsoro ne. Yawanci awa ɗaya da rabi ne, sho biyu nake samu, kuma mutum baya son kallonsu shi kaɗai a waya, so yake ya zo cikin jama'a a firgita tare a yi ihu tare sannan a fito ana tsokanar wanda ya rufe ido. Su suka koya min cewa sauti ya fi hoto. Ranar da na fara saka A Quiet Place, wanda kusan rabinsa shiru ne don dodannin ƙara suke bi, injina yana bayan taga yana ta ɓaɓatu, inda ya kamata kowa ya riƙe numfashi sai ƙarar janareta kawai ake ji, babu wanda ya tsorata, wani yaro ma ce min yayi oga sipikarka ta mutu ne. Abin ya dameni sosai don na san ni na ɓata musu fim ɗin. Satin nan na kira magini ya yi wa injin ɗan ɗaki da bulo can ƙarshen fili muka ja waya mai kauri, daga baya na tara kuɗi na sa sola da batir biyu. Da na maimaita fim ɗin ɗakin yayi tsit har motsin fanka kana ji, da abin ya faɗo kuwa benci guda ya kife da mutane.

Kowane fim sai na zauna da rana na kalle shi tukuna, ni da yarona. Inda babu ɗa'a mu rubuta mintin mu tsallake, wanda ya cika ƙazanta mu ajiye shi gaba ɗaya, akwai hukumar tace finafinai tun 2001 amma ni kunyar iyayen yaran unguwa tafi damuna. Yara ƙanana kuma basa shigar min na ban tsoro ko sun zo da kuɗinsu, nasan yadda uwa take kwana da yaron da ya firgita.

Yanzu batir ɗin nan biyu sho ɗaya da rabi suke kaini in an kunna fanka duka, sai na tada inji a tsakiyar na biyu. Ina tara na uku, in Allah ya yarda kafin zafi ya shigo.