Abin da na tarar a tarihin Marie Stopes

A shekararmu ta ƙarshe a makarantar ungozoma aka ce kowa ta rubuta wani abu kan tarihin tazarar haihuwa. Da zumuɗi na zaɓi Marie Stopes, don sunanta ba baƙo ba ne a aikinmu. Ita ta buɗe asibitin tazarar haihuwa na farko a Birtaniya, a unguwar Holloway ta Landan, a 1921. Kyauta ake duba matan aure, kuma ungozomomi ke dubawa. Matan talakawa da haihuwar gwarne ta galabaitar suka yi ta aiko mata wasiƙu. Har na fara kiranta gwarzuwata.

Da na ƙara zurfafa karatu sai jikina ya yi sanyi. Ashe ta nemi a hana waɗanda take gani ba su da kyawun iri haihuwa, ko da tilas ne. A 1935 ta halarci taron masana yawan jama'a a Berlin, babban birnin Jamus, ƙarƙashin mulkin Nazi na Hitler. A watan Agustan 1939 ta aika wa Hitler waƙoƙinta da wasiƙa, alhali a Nuwamban 1938 duniya ta ga yadda aka ƙona wuraren ibadar Yahudawa a Jamus. A wata waƙar ta 1942 ta jero Yahudawa cikin mutanen da ta kira annoba. Ko auren ɗanta tilo ta ƙi sa wa albarka, wai yarinyar tana sa gilashin ido, za ta ɓata mata zuri'a. Da na zo nan sai na cire nawa gilashin, na daɗe ina jujjuya shi a hannu.

Na je wajen malamarmu na ce, "Malama, in sake wata?" Ta ce, "A'a, 'yata. Rubuta duka."

Na so in ce ai zamaninta ne, amma a zamanin nan ma akwai waɗanda suka ƙi wannan ra'ayi. Abin da ya fi damuna shi ne ƙiyayyar tana cikin dalilin aikin kansa: ta taimaki matan, tana kuma ganin wasunsu ba su cancanci haihuwa ba. Ƙungiyar da ke ɗauke da sunanta ma ta sauya shi zuwa MSI Reproductive Choices a 2020.

A da, idan magidanci ya ce mini, "So kuke ku rage mu," haushi nake ji, in ɗauka jahilci ne. Yanzu ina cewa, "Malam, an taɓa samun masu wannan nufi, ba ƙarya ka faɗa ba. Zauna mu yi magana." Sannan in juya ga matar, in tambaye ta watan goyonta nawa, da yadda jikinta yake tun haihuwar baya, da abin da ita take so.