Na je Tarkwa Bay, inda yara ke hawan igiyar ruwa

Jama'a duk wanda ya shiga Legas sari ko ziyara, ya daure ya ware rana guda ya tsallaka Tarkwa Bay, wani wurin shaƙatawa a bakin teku, amma fa ranar aiki, don Asabar da Lahadi cika yake da 'yan shaƙatawa da kiɗa. Ni daga Samaru na tashi na sauka wurin yayana a Agege, shi ne ya ce min "ƙanena tunda kana son ruwa, shirya in kai ka inda mota ba ta zuwa." Kuma haka ne, sai a jirgin ruwa. A CMS, wata tasha da ke bakin ruwa a tsibirin Legas, muka hau, tafiyar kamar minti 20, kana wuce manya-manyan jiragen kaya masu shiga Apapa. Kar ka yarda jirgi ya tashi ba a ba ka rigar kariya ba, ka ɗaure ta tamau.

Da hantsi muka isa, wurin tsit, sai masunta da wasu yara a cikin ruwa kan allunan hawan igiyar ruwa. Akwai wata doguwar katangar duwatsu da Turawan mulkin mallaka suka jera don kare mashigar tashar jiragen ruwa, ita ke tare ƙarfin teku, kuma in igiyar ruwa ta doke ta ta dawo sai ta haɗu da mai zuwa ta yi tudu, to wannan tudun yaran suke jira.

Wani matashi na biya ya koya min. Sai da ya goge allon da wani abu kamar kakin zuma don kar ƙafa ta zame, ya ɗaura min igiyar allon a idon sawu, ya ce "Malam kwanta rub da ciki, ka tuƙa da hannu, in ka ji ruwa ya tura ka sai ka miƙe lokaci guda, gaba za ka kalla ba ƙafarka ba." Wallahi 'yan daƙiƙun da na tsaya a kan allon nan ruwa na gudu da ni, ban san da me zan kwatanta daɗinsu ba.

Iyon kogi irin namu na Galma daban ne da na teku. Akwai inda ruwa ke komawa ciki da ƙarfi ya ja mutum, in ya kama ka kar ka yi kokawa da shi, ka yi iyo ta gefe har ka fita daga jan. Yaran nan da ido suke gane wurin, don haka tambaye su kafin ka tsoma ƙafa, kuma ka sallame su da kyau. A Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi dubban mazauna Tarkwa Bay bisa zargin fasa bututun mai, aka rushe gidaje, abin ya tsaya min a rai sosai ganin yadda waɗannan samari ke neman na kansu da allo.

Ka riƙe tsabar kuɗi don kuɗin shiga da hayar rumfa, da ruwan sha mai yawa. Alwala kuwa ba matsala, ruwan teku mai tsarki ne, nan muka yi azahar a kan yashi. Sannan ka tambayi mai jirgi ƙarfe nawa na ƙarshe ke tashi, ka fito tun rana ba ta faɗi ba.