Yadda muka tayar da ƙarfin da ke kwance a cikin sabarmu

Manyan sabobin IBM Power, wato kwamfutocin da kamfanoni ke ɗora manyan ayyukansu a kai, sukan zo da furosesa da memori fiye da abin da kamfani ya biya. Ragowar suna nan a jikin injin, an haɗa su, wuta na isa gare su, amma a kulle suke sai an shigar da lambar kunnawa. Tsarin ana kiransa Capacity on Demand. Ni ke kula da irin wannan sabar a wurin aikinmu, kuma da rufe lissafin shekara ya matso, aka ɗora mini alhakin ƙara mata ƙarfi na ɗan lokaci ba tare da an kashe injin ba.

Na fara da duba tarihi. Na ɗebo bayanan watannin baya daga nmon, manhajar da ke rubuta yawan aikin da injin ke yi, na ware daren ƙarshen kowane wata, domin matsakaicin amfani na yini ba ya faɗa maka komai game da awannin da rumbun bayanai ke nishi. A nan na ga cewa furosesa ce ke cika maƙil, memori kuwa da ɗan sauƙi. Wannan ya rage abin da za mu nema.

Sai zaɓin hanya. Akwai kunnawa ta dindindin, wadda ake saya sau ɗaya. Akwai ta gwaji, mai kwana 30. Akwai kuma Elastic, wadda a da ake kira On/Off, inda ake lissafi da kwanan furosesa: ƙwayoyin furosesa (cores) 4 na kwana 3 sun zama kwana 12 ke nan. Kowane kwana awa 24 ne daga lokacin da ka kunna, ko injin ya yi aiki da su ko bai yi ba. Elastic muka ɗauka, tunda buƙatarmu ta ƴan kwanaki ce. Lambar kanta haruffa da alƙaluma 34 ce, an ɗaure ta da lambar jikin injin, ba za ta yi aiki a wani ba. Na neme ta tun da wuri, domin takardu da sa hannun sashen saye-saye sun fi aikin fasahar cin lokaci.

Inda na fi daɗewa shi ne hanyar da ke tsakanin ƙwayar da aka tayar da manhajar da ke buƙatarta. Mutane da yawa suna zaton da an shigar da lamba a HMC, wato na'urar da ake sarrafa sabar da ita, shi ke nan, sabar ta ƙara gudu. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayoyin su faɗa rumbun da injin ke rabawa, sai ka miƙa su ga ɓangaren da kake so, domin an raba sabar ɓangare-ɓangare, kowanne na aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta. Kowane ɓangare kuwa yana da iyaka uku a tsarinsa: mafi ƙaranci, abin da ake so, da mafi yawa. Ba za ka iya ƙara masa fiye da mafi yawan nan yana cikin aiki ba. Canza wannan iyaka na buƙatar a kashe ɓangaren a sake tayar da shi daga tsarin da aka gyara. Da na buɗe tsarin ɓangaren rumbun bayananmu, na tarar da iyakar sama kusan daidai take da abin da yake amfani da shi tun ranar da aka kafa shi. Da mun jira daren rufe lissafi, da ƙwayoyin sun tashi, kuɗi na tafiya, mu kuma muna kallonsu. Muka nemi ɗan lokacin gyara makonni kafin ranar, muka ɗaga iyakar. Ban ɗaga ta memori da yawa ba, saboda injin yana keɓe wani kaso na memori gwargwadon wannan iyaka, ko da ba a taɓa kai ta ba.

Akwai kuma RMC, zaren sadarwa tsakanin HMC da ɓangaren, wanda ke bi ta ƙofar sadarwa (port) mai lamba 657. In ya tsinke, ƙari ko ragi a cikin aiki ba zai yiwu ba, kuma yakan tsinke ba tare da kowa ya lura ba idan masu tsaron hanyar sadarwa suka sauya dokokinsu. Na gwada shi da matsar da ɗan ƙaramin kaso na furosesa, na mayar. Na kuma ƙara yawan furosesa na kwaikwayo (virtual processors) da ɓangaren ke gani, domin kowace ɗaya ba ta iya cin fiye da ƙwaya guda.

Batun lasisi ne ya fi tayar mini da hankali, kuma ina ganin shi aka fi mantawa. Manhajojin rumbun bayanai irin su Oracle da Db2 ana iya lissafa lasisinsu da yawan ƙwayoyin da manhajar ke iya amfani da su. Ƙwayar da ka ara na kwana uku tana iya jawo bashin da ya ninka kuɗin aronta. Na zauna da mai kula da kwangilolinmu, muka karanta sharuɗɗan, muka tsaya a adadin da lasisinmu ya rufe.

Ranar kunnawar ba ta da labari. Na shigar da buƙata, na duba da lscod, umarnin HMC da ke nuna halin kunnawar, na miƙa ƙwayoyin, na buɗe lparstat, mai nuna nauyin da ke kan ɓangaren, ina kallon layin aiki na sauka. Mintuna kaɗan.

Mayarwa kuwa sai da na rubuta ta a jadawali da sunan wanda zai yi da kuma awar. Idan wa'adi ya cika ɓangarori na riƙe da ƙwayoyin, injin yana rubuta su a matsayin waɗanda ba a mayar ba, lissafi kuma ya ci gaba. Mun janye su awanni kafin cikar wa'adin, na adana rahoton amfani. Wannan rahoton na kai wa shugabanni tare da alƙaluman ƙarshen wata, domin sun nuna cewa biyu daga cikin ƙwayoyin za mu riƙa nemansu kowane wata, kuma a wannan yanayi sayensu na dindindin ya fi aro sauƙi. Ragowar muka bar su a kulle har shekara ta zagayo.