Asabar a Garwa: tsohon injin fatsa daga bakin teku

Yau bayan sallar azahar na shiga babbar kasuwar Garwa da niyyar sayen ƙugiyoyi da zare kawai, sai ga shi na dawo gida da tsohon injin naɗe zaren fatsa, irin wanda masu jin Faransanci suke kira moulinet. A rumfar wani dattijo mai sayar da tsofaffin kayan ƙarfe na gan shi, an jefa shi cikin kwano tare da kwaɗuna da sukurori. Baƙi ne mai nauyi, kuma duk da fentin ya kwaile, ana iya karanta Mitchell 302 a jikinsa. Dattijon ya ce wani direban babbar mota ne ya zo da shi daga Kribi, garin da ke bakin teku a kudancin Kamaru.

Da jin Kribi sai jikina ya yi sanyi, domin ruwan gishiri ba ya raga wa ƙarfe. Gaskiya ne cewa don teku aka ƙera wannan samfurin tun a shekarun 1950, a garin Cluses da ke gabashin Faransa, inda aka yi ƙaraminsa Mitchell 300 wanda ya yi suna a duniya, amma injin da ba a ɗauraye shi da ruwan daɗi bayan kowace fita, gishiri yakan shiga ƙarƙashin fentinsa ya ci alminiyom har ya zama farin gari. Na kankare wurare biyu da farce, na tarar cin bai yi zurfi ba. Na juya hannun a hankali ina saurare, na ji yana tafiya da nauyi amma babu inda haƙora suke tsallake juna. Wayar nan mai lanƙwasa da ke kama zare ta rufe da ƙarfinta, alamar sifirin ɗinta bai mutu ba. Abin da ya dame ni shi ne ɗan ƙarfen da zare ke bi ta kansa, wanda shekaru suka yi wa tsagi, kuma tsagi irin wannan shi ne yake tsinka zare daidai lokacin da kifi ya ja.

Na ce, "Baba, nawa za a sallama?" Ya ce sefa 40,000, wai jikansa ya duba a waya ya ga Turawa suna sayensa da tsada. Na yi masa bayani cewa wanda Turawa suke zuba wa kuɗi shi ne mai kwalinsa da takardarsa, wanda fentinsa bai taɓu ba, domin su ajiyewa suke yi a kabad suna kallo. Ni kuwa cikinsa nake saye. Na taya 12,000, ya ce albarka, muka yi ta ja har la'asar ta kawo jiki, sannan ya ce, "Ɗana, kawo 18,000, Allah ya sa alheri."

Daga can na wuce wurin mai gyaran keken ɗinki na unguwarmu, wanda na fi yarda da hannunsa a kan ƙananan haƙora. Da ya kwance murfin gefe, muka tarar tsohon giris ya daskare kamar ƙaro, shi ne dalilin nauyin da na ji. Ya wanke da kananzir, haƙoran suka fito lafiya lau, babu ko ɗaya da ya karye. Fayafayan birkin zare ne suka bushe, ya ce zai yanko wasu daga fata, ya kuma goge tsagin da 'yar sanfefa. Aikinsa 3,000.

Mai ɗakina ta tambaye ni ko akwai teku a Garwa. Na ce mata giwan ruwan da ke tafkin Lagdo ba ta san bambanci ba, kuma ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, can zan gwada shi.