Ɗaukewar wuta da aikin zane mai motsi

Tallar da na kammala wa wani shago a nan Gombe ta ƙara tabbatar mini cewa fitar da zane mai motsi kai tsaye a matsayin bidiyo guda kasada ce, domin fayil ɗin MP4 da ya katse a tsakiya galibi ba ya buɗuwa. A Blender, manhajar da nake yin zanen da ita, nakan fitar da aikin hoto-hoto a tsarin PNG. Minti ɗaya, a kan hotuna 25 cikin daƙiƙa, yakan ba da hotuna 1,500, kuma idan an ɗauke wuta sai in ci gaba daga inda kwamfutar ta tsaya, in harhaɗa su daga baya. Zafin Afrilu kuwa yakan rage mata gudu, shi ya sa nake jinkirta aiki mai nauyi zuwa bayan sallar isha'i.