Fayil ɗin yarinyar nan

Yau na rufe wani fayil da ya shekara biyu a kan teburina. Ni lauyar gwamnati ce, kuma yawancin shari'o'in yara a hannuna suke ƙarewa.

'Yar shekara 9 ce, an kawo ta aikatau daga ƙauye. Uwar ɗakinta ta manna mata dutsen guga a gadon baya, wai tsoka ɗaya ta ɓace a tukunya. Ranar ba da shaida alƙali ya sa aka fitar da 'yan kallo, amma ta yi gum. Sai da na durƙusa kusa da ita sannan ta raɗa min: "Anti, in na faɗa, gidan za a mayar da ni?"

Lauyan matar bai wahalar da ni kamar kawun yarinyar ba. Sau uku yana zuwa ofis da dattawa: "Barista, a bar wa Allah, ai an sasanta." Sasantawar kuwa buhun shinkafa ne da kuɗin mota. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba bayanka aka ƙona ba."

Dokar haƙƙin yara ta tarayyar Najeriya ta 2003 ta hana ɗaukar yaro aikatau a gidan da ba na danginsa ba, kodayake jihohinmu sun ja ƙafa shekaru kafin su yi tasu.

An yanke wa matar hukunci. Yarinyar tana wurin kakarta, tana aji 3. Jiya ta aiko min da ƙuli-ƙuli a leda.